Tara Bugun Farko da Wasiƙun Manyan Marubuta

Tara littattafan bugun farko da wasiƙun da shahararrun marubuta suka sa wa hannu harka ce mai kasuwarta a Turai da Amurka, kuma gidajen gwanjo irin su Christie's da Sotheby's ne ke kan gaba a cikinta. Labarin da ke cikin littafin ana samunsa da araha a kowane shago. Kuɗin da ake zubawa na ita kanta takardar ne, da tarihin hannuwan da ta bi.

Ƙarancin kwafi shi ne farkon abin da ke ɗaga farashi. A 1623, shekara bakwai bayan mutuwar Shakespeare, abokan aikinsa John Heminges da Henry Condell suka tattara wasanninsa 36 cikin kundi ɗaya. An buga kusan kwafi 750, kimanin 235 ne suka rage, 82 daga ciki suna ɗakin karatu na Folger a Washington. A 2020 an sayar da guda ɗaya a New York a kan kusan dala miliyan 10. Ba don wannan kundi ba, da wasanni 18 sun ɓace, har da Macbeth.

Tsufa kaɗai ba ya sa littafi tsada. Littafin farko na Harry Potter ya fito ne a 1997, kamfanin Bloomsbury ya buga kwafi 500 masu kaurin bango, aka raba 300 ga ɗakunan karatu inda yara suka yi ta jagwalgwala su. A 2021 an sayar da lafiyayyen kwafi a kan dala 471,000. Abin mamaki, da kuskuren maɗaba'a ake gane na asali: a shafi na 53 an maimaita sandar tsafi sau biyu a jerin kayan makaranta. Dillalai suna duba irin wannan tuntuɓe kafin komai. Suna kuma duba takardar da ake lulluɓe bango da ita, wadda mutane da yawa ke yarwa. The Great Gatsby na 1925 idan yana da tasa, farashinsa ya ninka na wanda ba shi da ita nesa ba kusa ba.

Wasiƙa kuwa guda ɗaya ce tak a duniya, kuma darajarta tana bin abin da aka faɗa a ciki. Wadda marubuci ya yi maganar littafinsa ta fi wadda ya amsa gayyatar cin abinci. Wasiƙun Jane Austen kimanin 160 ne suka tsira, domin yayarta Cassandra ta ƙone mafi yawansu.

A nan ne 'yan jabu suka fi cin kasuwa. A Faransa, Vrain-Lucas ya sayar wa masanin lissafi Michel Chasles takardu kusan 27,000, ciki har da wasiƙun da wai Cleopatra da Julius Caesar suka rubuta, kuma duk da Faransanci! Kwaɗayin mallaka ya rufe wa babban malami ido, sai a 1870 aka ɗaure mayaudarin shekara biyu. A Amurka, Lee Israel ta ƙirƙiri wasiƙu kusan 400 da sunan su Dorothy Parker da Noël Coward, ta amsa laifinta a 1993. Shi ko Thomas Wise na Ingila, wanda ake ganin uban masana harkar, John Carter da Graham Pollard ne suka tona asirinsa a 1934, da suka nuna cewa irin takardar da ya yi amfani da ita a littattafansa na jabu ba a fara yinta ba a shekarun da ya buga a bango. Tun daga nan binciken takarda da tawada da haruffa ya zama dole, kuma mai saye na gaskiya ba ya biya sai ya ga shaidar inda kaya suka fito.

Ƙasar Hausa ma tana da nata bugun farko. Gasar da Rupert East ya shirya a Zariya a 1933 ce ta haifar da Ruwan Bagaja, Ganɗoki da Shaihu Umar, sannan jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fitowa a 1939. Duk wanda ya gaji irin waɗannan a adakar gida, kada ya sake musu bango ko ya liƙa musu salatif. Ya nisanta su da danshi da gara, ya kuma rubuta a wata takarda daban daga wurin wa ya same su.