Mun Hau Jakin Bal'amu

A ekklisiyarmu ta Jos muna da kwamitin bishara, kwamitin kuwa yana da wani littafin kuɗi mai baƙin bango. Cikin littafin nan ne maganar ta taso. Muna riƙe da wani mai bishara a ƙasar Kagoro, yana kiwon ƙauyuka uku, mun kuwa saya masa babur na hannu domin aikin. Kowane ƙarshen wata sai ya aiko da takarda: faci, fulogi, sarƙa, baƙin mai, faci kuma. A ƙasan takardar yakan rubuta, "Mai na dare." Ba wanda ya gane wannan. Ran nan cikin taro wani dattijo ya cire tabarau ya ce, "'Yan'uwa, wa'azi muka aike shi, ko acaɓa?" Aka yi dariya, amma aka rubuta cewa idan bayani bai fito ba za a karɓe babur ɗin. Aka zaɓe mu mu biyu, Ma'aji da Magatakarda, mu je mu gani da idonmu.

Mun tashi ran Asabar cikin watan Agusta na 2024, tsakiyar damina. Muka bi ta Bukuru da Mararrabar Jama'a, muka wuce duwatsun Riyom waɗanda suke zaune kan juna sai ka ce wani ne ya jera su. Daga nan muka gangara Hawan Kibo. Jos tana bisa tudu, wajen mita 1,200 sama da teku, saboda haka da muka sauka muka ji kunnuwanmu sun toshe, muka tuɓe rigunan sanyi. Muka wuce ruwan Assop da dajin Nimbia, muka ratse ta Gidan Waya. La'asar ta yi mana a gindin Dutsen Kagoro, ya yi rawani da hazo.

Kagoro gari ne mai tarihi ga masu bi. Akwai makarantar Littafi Mai Tsarki a can tun shekarun 1930, wadda ta yaye fastoci da masu bishara da yawa na ƙasar Arewa. A nan kuma aka yi taro cikin 1954, shekarar da ekklisiyoyin da suka fito daga aikin SIM suka haɗa kai suka zama ECWA. Malam Gwamna Awan, wanda ya yi sarautar garin daga 1945 har ya rasu a 2008, mai bi ne. Kowace shekara ran 1 ga Janairu ake bikin Afan. Mutanen suna da nasu harshe, amma da Hausa ake yawancin sujada. Muka kwana gidan wani ɗan'uwa, aka cika mu da faten acca.

Da asubar Lahadi muka ji wata ƙara a ƙofar gida kamar injin niƙa ya shaƙe. Ashe Malam ne ya iso. Siririn mutum ne, mai fara'a. Ya durƙusa ya ce, "Sannunku da zuwa, Baba. Ga Jakin Bal'amu nan yana gaishe ku." Muka duba jakin. Madubi ɗaya ne, an ɗaure salansa da waya, kujera kuwa an naɗe ta da robar tiyub. A baya akwai kwalin littattafan waƙoƙi, da galan na mai, da famfon iska. Ma'aji mutum ne da Allah ya yi wa albarkar jiki. Ya zaga babur ɗin sau biyu, ya ce, "Malam, ina sauran?" Malam ya ce, "Ke nan duka, Baba." Muka yi addu'a, muka hau mu uku. Ba mu ce kowa ya yi koyi da mu ba.

Muddin muna kan kwalta jakin bai ce kome ba. Da muka saki titi muka shiga jar ƙasa, sai muka fara karatu. Ruwan marka ya yanka hanya gida biyu, laka kuwa tana santsi kamar miyar kuɓewa. Hagu da dama gonakin masara ne da gwaza da gyaɗa, da fadamun shinkafa kore shar. Mata masu zuwa sujada suna ɗaga mana hannu, yara suna bin mu da gudu suna kiran sunan jakin, gama kowa ya san shi.

Ba mu yi nisa ba sai tayar baya ta zame, babur ya bar hanya ya kutsa cikin wata gona, ya tsaya tsakanin kunya biyu. Malam ya ce, "Ɗaya ke nan." Muka ture shi muka hau. Can gaba hanya ta matse tsakanin duwatsu biyu, jakin ya raɓa dama ya goge ƙafar Ma'aji da dutse. Ma'aji ya yi wata ƙara wadda ba ta cikin littafin waƙoƙi. Malam ya ce, "Biyu ke nan. Yi haƙuri, Baba." Sai a lokacin muka tuna da Littafin Ƙidaya sura 22, inda dabbar Bal'amu ta ratse cikin gona, ta matse ƙafarsa da bango, a na uku kuma ta kwanta a ƙarƙashinsa. Magatakarda ya tambaya da ƙaramar murya, "Malam, ina yakan yi na ukun?" Malam ya nuna gaba da baki. Rafi ne.

Ba gada. Da rani, in ji shi, ko kaza tana haye shi. Ran nan ruwa ya kai gwiwa. Muka sauka, muka naɗe wanduna, Ma'aji ya ɗora littafin kuɗi a ka. Malam ya sa giya ɗaya ya shiga. Yana kaiwa tsakiya injin ya yi tari sau biyu, ya mutu, jakin ya kwanta. Samari huɗu suka fito daga hayi, ashe kowace Lahadi sukan jira shi a nan. Suka zura gora ƙarƙashin babur suka fitar da shi a kafaɗa. Malam ya kwance fulogi ya goge da gefen rigarsa, ya tsiyaye kabireta, suka ɗaga gaban babur ruwa ya zubo ta salansa. Ya buga ya buga, a na goma sha ɗaya ya tashi. Ma'aji ya buɗe littafi a bakin rafin, ya sami inda ya taɓa sa alamar tambaya kusa da "fulogi", ya soke ta.

Mun isa ƙauyen wajen ƙarfe goma. Majami'ar ta laka ce da jinkar kwano, kujerun kuwa itatuwa ne da aka ɗora bisa duwatsu. Tsohon ƙarfen tayar mota ne ƙararrawa. Mutane kamar sittin suka taru. Zumuntar mata suka tashi da tulu da kacau-kacau, har muka manta da ciwon baya. Malam ya yi wa'azi da Hausa, wani saurayi yana juyawa domin tsofaffi. Da aka zo baiko muka ga masara da ƙwai sun fi kuɗi yawa cikin kwando. Wani dattijo ya gaya mana dalili. Da citta suke samun kuɗi, amma cutar da ta faɗa wa citta a kudancin Kaduna cikin 2023 ta ruɓar da gonakinsu, har iri ya gagara. A shekarar nan kuma aka janye tallafin man fetur. Litar da ba ta kai naira 200 ba a farkon 2023, kafin ƙarshen 2024 ta kai wajen naira 1,000. Mu kuwa a kwamiti ba mu ƙara wa Malam ko kwabo ba.

Bayan sujada muka zauna gindin mangwaro. Ma'aji ya gyara murya ya ce, "Malam, saura abu ɗaya. Mene ne mai na dare?" Malam ya sunkuyar da kai yana wasa da makulli. Wata tsohuwa, uwar zumunta, ita ce ta amsa. Ta ce, "'Ya'yana, ku bar shi, ba zai faɗa ba. Ni zan faɗa." Ta kira wata yarinya mai goyo, ta ce naƙuda ta gagara da tsakar dare, a kan jakin nan aka kai ta asibiti a Kafanchan, wata mace tana riƙe da ita ta baya. Ta nuna wani yaro da maciji ya sara a gona. Ta ƙidaya mutum bakwai da yatsunta. Na bakwai ɗan wani Bafulatani ne daga rugar da take bayan dutse, zazzaɓi ya sa shi sanƙarewa. Ku da kuka san abin da ƙasar nan ta sha na hare-hare, musamman a 2016 da 2022, kun san nauyin fita da dare, kun kuma san nauyin buga ƙofar wanda ba naka ba. Uban yaron ya buga, Malam ya buɗe. Tsohuwar ta ce tun daga ranar ba a rasa ƙwaryar nono a gidan Malam ba.

Muka yi shiru. Mun zo da niyyar karɓe babur, ga shi kuwa shi kaɗai ne abin hawa a ƙauyuka uku. Magatakarda ya ce, "Malam, don me ba ka rubuta mana ba?" Ya ce, "Baba, takardar ƙarama ce. Na ga kuma kun fi son lissafi gajere." Ma'aji ya fitar da hankici, ya ce hayaƙin salansa ne ya shiga idonsa, ko da yake awa uku ke nan da kashe injin.

Ƙarfe uku Malam ya ce mu kama hanya domin kada duhu ya same mu. Aka ɗaura mana buhun masara da zakara. Zakaran ya zauna a cinyar Ma'aji, ya kuwa bar masa shaida a kan farar riga. A rafi jakin ya sāke kwanciya, amma wannan karo da mu aka ɗaga goran.

Ran Laraba muka ba kwamiti rahoto. Dattijon nan mai tabarau ya saurara har ƙarshe, ya ce, "To, ashe jakin ya fi mu gani." Shi ne ya fara kawo shawara a sayi sababbin tayoyi da hular kwano biyu, a kuma buɗe shafi dabam domin mai na dare. Zumuntar mata suka ɗauki nauyin shafin nan.

Ya ku masu karatu, wataƙila ekklisiyarku ma tana da mai bishara a wani lungu, takardarsa kuma tana ba ku haushi. Mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo. Kafin ku yanke masa shari'a, ku aiki mutum biyu su hau bayansa da damina. Ku yi addu'a domin masu bishara da matansu waɗanda suke kwana da kunne a ƙofa, domin manoman citta, da kuma zaman lafiya a ƙasar Kagoro. Ku tuna da Ma'ajinmu kuma. Ƙafar ta warke, amma har yanzu in ya ji ƙarar babur yakan matsa kusa da bango.