Ɗan injin sitika da ke kan teburina

Duk mai ƙulla dabino, zuma, yaji ko kilishi yana kai wa manyan kantunan Ikeja da Ogba ya san tambayar da ake fara yi masa yanzu, tun kafin a ɗanɗana kayan: ina bakod? Waɗannan 'yan layukan baƙaƙe da ake haskawa a wurin biyan kuɗi su ne takardar izinin shiga kanti. Shi ya sa da yawanmu muka sayi ɗan injin buga sitika, wasu Xprinter, masu hali kuma Zebra ko TSC. Nawa ya shekara 6 yana aiki, kuma saboda haka na zama abin tambaya. Sai a idar da salla wani ya ja ni gefe, in gyara zama ina tsammanin fatawa ce, ashe firinta ce ta ƙi bugawa. To bari in rubuta sau ɗaya kowa ya huta.

Farkon abin da za ka sani, wannan injin ba ya shan tawada. Zafi ne aikinsa. A cikin murfinsa akwai wani siririn layi da masu gyara ke kira hed, ɗauke da ƙananan ɗigo masu ɗaukar zafi, guda 8 a kowace milimita a yawancin waɗanda muke saya. Bugun kuwa iri biyu ne. Akwai wanda takardar da kanta ke yin baƙi in zafi ya taɓa ta, irin rasit ɗin POS. Akwai kuma mai amfani da ribon, wanda zafi ke narkar da baƙinsa ya manne a jikin sitika. In kana son gane takardarka, karce ta da farce da ɗan sauri. In ta yi baƙin zane, mai zafi ce.

A nan ne mutanenmu suka fi yin asara, don haka zan daɗe. Sitika mai zafi ta fi araha, ba ruwanka da sayen ribon, amma ba ta da juriya. Rana tana dusar da ita, zafin mota yana baƙanta ta, mai yana cinye rubutun. Ka manna ta a ledar kilishi ko kwalbar man shanu, bayan 'yan makonni sai ka ga kamar ba a taɓa rubuta komai ba. Masu turare kuwa kada ma su fara, don sinadarin da ke cikin turare yana ɓata ta nan take. Wasu sukan yi dabarar rufe ta da salatif wai don ta daɗe, alhali gam ɗin salatif ɗin shi ke saurin goge ta. Wani maƙwabcina an dawo masa da katan-katan na yaji daga wani kanti saboda haka. Kaya lafiya lau, amma sikana ta ƙi karantawa, ranar lalacewa ma ta ɓace. Kuɗin mota biyu, ga sake ƙulli, ga mutuncin da ya ragu a idon mai kanti. Kuma ni a ganina kantin bai zalunce shi ba. Mai saye yana da haƙƙin ya ga farashi da kwanan wata a fili, kamar yadda yake da haƙƙin a cika masa mudu. Kayan da zai kwana biyu a kan kanta, a buga shi da ribon. In mai maiƙo ne ko turare, a nemi ribon mai suna rezin da sitikar roba. Mai zafi a bar ta wa takardar aika kaya da abin da zai ƙare cikin mako.

Ribon shi ma da ƙa'idarsa. Ya fi sitikar faɗi kaɗan, don ya kāre hed daga gogar takarda. Wani baƙinsa a waje yake, wani a ciki, kuma kowane inji da irin nasa. Manna ɗan salatif a jikinsa ka ɓare, gefen da ya bar baƙi shi ne zai kalli sitika. In ka ga farin zane a karkace cikin bugu, ribon ne ya yamutse, buɗe ka miƙar da shi.

Sai tsafta. Duk lokacin da ka canza nadi, kashe injin, bar shi ya huce, ka sa auduga da sifirit ɗin da ake kira aisofurofil, wanda ake samu wajen masu gyaran waya, ka share hed daga gefe zuwa gefe a hankali. Share baƙar robar da ke jan takarda kana juya ta da yatsa. Jira ya bushe kafin ka rufe. Minti biyu ne, wallahi. Amma ku ja kunnen yaran shago: in sitika ta liƙe a ciki, ba a sa reza, ba a sa wuƙa, ba a sa makulli. Na ga hed ɗin da yaro ya kankare da reza yana ganin taimako ya yi. A jiƙa da sifirit, gam zai saki da kansa.

In ka share amma farin layi miƙaƙƙe yana nan daga sama har ƙasa, a wuri ɗaya a kowace sitika, to ɗigo ya mutu, kuma ba ya farfaɗowa. Kafin ka haɗa kuɗin sabon hed akwai dabara. Juya bakod ɗin a kwamfuta ya kwanta kamar tsani, yadda farin layin zai ratsa layukan a gicciye maimakon ya bi tsawonsu ya cinye ɗaya. Rage saurin bugu, ka gwada da sikana. Sau da yawa tana karantawa.

Ƙorafin da na fi ji shi ne injin yana tsallake sitika, ko yana bugawa a kan gaɓa, ko jar fitila tana ta ƙifce. Yawanci ba lalacewa ba ce. Akwai ɗan ido a hanyar takarda da ke gane tazarar da ke tsakanin sitika da sitika. Ko ƙura ta rufe shi, ko ka canza girman sitika ba ka sanar da injin ba. Hure idon, sannan ka sa injin ya sake auna takardar. Kowane samfuri da yadda ake danna maɓallinsa, yana cikin ɗan littafin da ya zo a kwali. Duba kwamfutar ma: in sitikarka milimita 50 a 25 ce, haka za ka rubuta mata.

Bugu ya yi fari-fari, kowa sai ya ruga ya ƙure zafi. Ƙure zafi yana kumbura layukan su haɗe, yana kuma rage wa hed kwana. Fara da sharewa, sai rage sauri, sannan ka ƙara zafi kaɗan-kaɗan. Ka kuma bar farin fili a dama da hagu na bakod, kada ka cusa lambar wayarka a jikinsa.

Wata magana da ba ta injin ba ce amma dole in faɗa. Lambar da manyan kantuna ke nema mai alƙaluma 13 ce, kuma wadda aka yi wa rajista a nan ƙasar ta hannun GS1 Nigeria da 615 take farawa. Masu kwafo lamba daga jikin kayan wani su daina. Ranar da aka haska zumarka kwamfuta ta nuna sabulu, kai ne za ka yi bayani.

Wuta kuma kun san halinta. Kada injin ya kasance a kunne lokacin da ake tada janareto ko sauya layi, kuma a haɗa shi da sitabilaiza. Adaftarsa ta daban ce, da yawansu bolt 24 suke ci, don haka kada a ara masa cajar laftof don kawai bakin ya shiga. Da damina a ajiye nadin sitika cikin leda nesa da ƙasa, danshin Legas yana sa ta lanƙwashe. Da hunturu a rufe injin da ƙyalle in an tashi. In duk ka yi waɗannan bai daidaita ba, sai Computer Village, amma tafi da adaftar, da nadin da kake amfani da shi, da sitika ɗaya da ta fito a lalace, don mai gyara ya ga ciwon da idonsa kafin ya yanka maka farashi.