Gombe ta Tanzaniya, Inda Ake Karatun Birai

In aka ce Gombe, hankalinmu yakan tafi garin nan na Nijeriya. Amma akwai wata Gombe a Tanzaniya, wani ɗan kurmi ne a bakin Tafkin Tanganyika, arewa da garin Kigoma. Ba hanyar mota zuwa can, sai jirgin ruwa. Tuddai ne masu gangarowa zuwa tafki, da rafuffuka a tsakaninsu.

A shekarar 1960 wata 'yar Ingila, Jane Goodall, ta sauka nan domin ta koyi halin manyan biran da ake kira cimfanzi. Watanni suna gudunta. Kullum da asuba takan hau tudu, tana hangensu, tana rubuta abin da ta gani. Ran nan ta ga wani ya zura tsinke cikin suri, ya zaro gara ya ci. Kafin wannan, masana da yawa suna cewa mutum kaɗai ne yake yin kayan aiki.

Jami'ar Kambirij ta karɓe ta a 1962, ko da yake ba ta da digirin farko. Waɗansu malamai suka ga laifinta don ta raɗa wa birai suna maimakon lamba. Daga baya ɗaliban jami'a suka riƙa zuwa Gombe. Daga 1974 zuwa 1978 aka ga biran da suka rabu gida biyu suna yaƙi, har ɓangare ɗaya ya ƙare. Baƙon mako guda ba zai ga wannan ba.

Goodall ta rasu a 2025, amma 'yan Tanzaniya suna nan suna bin biran kowace rana. Gonaki sun matse kurmin. In ya tafi, makarantar ta tafi.