Farashin ɗan ƙwallo, daga bakin fili zuwa cikin waya

Ranar wata Asabar a gidan kallon ƙwallo a Barnawa, Kaduna, na ji yara biyu suna musu. Ba a kan wanda ya fi iya taka leda ba, a kan wanda ya fi tsada. Ɗaya ya zaro waya ya buɗe Transfermarkt, musu ya mutu nan take.

A zamaninmu ido ne ma'auni. Da la'asar, ƙurar hunturu na tashi, dattawa kan tsaya a bakin fili hannu a baya. Ba wanda ke rubuta komai. Suna duban yadda yaro ke tarbar ƙwallo, ko yana ɗaga kai kafin ya bayar, ko yana tashi idan an kwashe shi. In ɗayansu ya ce "yaron nan zai je Bees", to an yanke masa daraja ke nan. Ladansa kuwa takalmin ƙwallo, kuɗin mota da kwanon shinkafa.

Babban buri shi ne kulob ɗin kamfani. A lokacin masaƙun Kakuri suna nan kusa da mu, kuma a ƙungiyar masaƙar UNTL Rashidi Yekini ya fara. Ita ma Ranchers Bees da sunan DIC Bees aka fara saninta, na kamfanin ƙera makamai. Wanda aka ɗauka ya samu albashi, iyayensa sun daina kiran ƙwallo shiririta. Mu kuma mu tsallaka gada a ƙafa zuwa filin wasa na Ahmadu Bello mu gan shi da idonmu.

Daniel Amokachi ne ya koya mana cewa ƙafa tana da farashi a kuɗin Turawa. Daga Bees ya tafi Club Brugge ta Beljiyam a 1990. Bayan ya ci Bulgeriya da Girka a gasar kofin duniya ta 1994 a Amurka, Everton ta saye shi fam miliyan 3. Na tuna mun kwana muna juya kuɗin zuwa naira, lissafin ya ƙi ƙarewa. A 1997 Chelsea ta biya Anderlecht fam miliyan 2.25 saboda Celestine Babayaro, shi ma ɗan Kaduna. Da aka kai 2022, Real Sociedad ta ɗauki Sadiq Umar daga Almería kan yuro miliyan 20.

Indiya ta kai abin inda ba mu zata ba. Tun 2008 gasar kurket ta IPL ke yin gwanjon 'yan wasa a bainar jama'a, ana ɗaga hannu ana ƙari kamar a kara. A gwanjon farko Chennai Super Kings ta ɗauki Mahendra Singh Dhoni kan dala miliyan 1.5. A Jidda a 2024, Lucknow Super Giants ta biya rupi miliyan 270 kan Rishabh Pant. Kafin a zauna, masu lissafi sun auna shekarun ɗan wasa, raunin da ya taɓa ji, makin da yake ci, har da yawan masu sayen rigarsa. Ƙwallon ƙafa ma haka take yanzu, sai dai a nata cinikin ana duba shekarun da suka rage a kwantiragi.

Ba na ƙin lissafi, ya hana a sayi yaro da araha a ɓoye. Abin da ke ci mini rai dabam ne. Tun 2001 FIFA ta tanadi cewa idan aka sayar da ɗan wasa zuwa wata ƙasa yana cikin kwantiragi, a ware kashi 5 cikin 100 na kuɗin a raba wa ƙungiyoyin da suka raine shi daga shekara 12 zuwa 23. Sharaɗin shi ne rajista. Kocinmu na unguwa bai taɓa yi wa ƙungiyarsa rajista ba. Sunayenmu a littafin makaranta yake rubutawa, ƙwallo da kuɗin aljihunsa yake saya, shi ke bin gida gida yana roƙon iyaye su bar mu mu fito. Yaransa biyu sun ƙetare teku, dillalai sun karɓi la'ada, shi ko sisi bai gani ba.

Filinmu ma an yanka shi fuloti. Bara na gamu da kocin a bakin shagon da aka gina inda ragarmu ta gabas take, na durƙusa na gaishe shi. Ya nuna mini wani yaro mai buga ƙwallon roba a kan layi ba takalmi, ya ce, "Dubi ƙafar hagun nan."