Adon Kirsimati a Ƙasar Bagudo

Hutun makaranta na ƙarshen shekara ta 2022 a ƙasar Bagudo muka yi shi, mu da uwargida da yara uku. Akwai wata innar uwargida da ke aure a wani ƙauye kusa da Ka'oje, ta daɗe tana aiko mana cewa mu zo mu ci Kirsimati tare da su tun tana da sauran ƙarfi. Muka tashi daga Zuru da asuba, muka bi ta Koko, daga nan muka yi yamma. A cikin kayanmu akwai kwali guda wanda muka fi lallaɓawa fiye da kome. Cike yake da kayan ƙyalƙyali na kanti: igiyoyi masu walƙiya, da balan-balan, da ƙananan ƙwayayen lantarki masu ƙiftawa, da wani ɗan itace na roba. Bari mu faɗi gaskiya tun da wuri, rabin kuɗinsa bashi ne, an yi alkawari sai albashin Janairu. Nufinmu mu nuna wa mutanen ƙauye yadda ake ƙawata gida.

Ga waɗanda ba su san wurin ba, Bagudo ƙaramar hukuma ce a Jihar Kebbi, cikin masarautar Gwandu. Dā ƙasar Jihar Sakkwato ce, sai a 1991 da aka yanke Kebbi. Kogin Kwara ya ratsa ta, ya raba ta biyu. Garin Bagudo yana wannan ƙetare, amma Ka'oje da Illo da Lolo da Tsamiya suna wancan, wajen iyakar Jamhuriyar Benin, wadda tsofaffi har yanzu sukan kira Dahome ko da yake an sāke mata suna tun 1975. Muka haye kogin ta gadar Tuga. Ruwa shimfiɗe, masunta a cikin kwale-kwale, fadamu kuwa ko'ina an yanke shinkafa ana bugu. Hazon hunturu ya rufe kome, har rana ta zama kamar faifan azurfa, mutum ya dube ta ido da ido ba ta yi masa kome.

Muka iske gidan a hargitse. An fitar da gado da akwatuna da tukwane tsakar gida, ɗakin Inna babu kome a ciki. Muka zaci wani abu ya faru. Ashe daɓe za a yi.

Yaranmu ba su taɓa ganin daɓe ba, mu ma rabonmu da shi tun muna 'yan firamare. An riga an zuba jar ƙasa mai tsakuwa a ɗakin, an baje ta, an yayyafa ruwa ta kwana. Da hantsi sai ga mata wajen goma sha biyu, kowace da madaɓinta. Suka durƙusa a jere, suka shiga bugu, hannu yana tashi tare yana sauka tare, wata tana ba da waƙa saura suna amsawa. Masu bi a ƙauyen nan ba su da yawa, gidaje kaɗan ne. Yawancin matan da suka zo maƙwabta ne Musulmi, akwai Busawa, da Hausawa, da Fulani biyu. Inna ta ce ba abin mamaki ba ne, gama ita ma da ita ake daɓen ɗakunansu in Salla ta gabato ko za a kawo amarya. Ladan aikin fura ce da goro.

Abin da ya fi ɗaukar hankalinmu shi ne makuba. Sa'ad da ɗorawa ta nuna da bazara, aka cire garin, aka ware kalwa domin daddawa, ɓawon nan da ya rage ba a zubarwa. Akan tara shi a buhu a rataye. In lokacin aiki ya zo sai a daka shi, a jiƙa a tsohuwar tukunya har ruwan ya yi ja-ja, baƙi-baƙi. Wannan ruwa ake yayyafawa ana bugu, ana yayyafawa ana bugu. Shi ke kama ƙasar ta yi tauri, ta yi duhu mai sheƙi, ta daina tashi da ƙura. Muka ce, "Inna, ashe ke tun watan Afrilu kika fara shirin Kirsimati?" Ta yi dariya ta ce, "Malam, ai ɗorawa ba ta jiran Disamba."

Kwana uku ba wanda ya taka ɗakin. Inna ta tare ƙofar da turmi saboda awaki da jikoki.

Kafin daɓen ya bushe aka juya kan bango. 'Yan mata suka ɗebo farar ƙasa, suka jiƙa, suka tace, suka shafe ɗakuna ciki da waje da tsumma. Daga ƙasa zuwa gwiwar mutum suka ja ɗamara da jar ƙasa, domin nan ne ƙafa da tsintsiya suke ɓatawa. A bakin ƙofa kuma suka kwaɓa ɗan shuni, irin wanda ake sa wa farin tufafi, suka yi zane da yatsa: layi mai lanƙwasa, da ɗigo-ɗigo, da tauraro a bisa. Ba awo, ba ma'auni, wani gefen ma ya fi wani tsawo. Mu da muka saba jan layi da rula a allo, hannunmu ya yi ta ƙaiƙayi, amma muka yi shiru. Da aka gama, daga nesa ƙofar ta yi kyau ƙwarai.

Maza kuwa aikinsu danga. Baba, mijin Inna, ya riga ya saƙa zana sabuwa da ciyawar gamba tun kaka. Muka taya shi kwance tsohuwar wadda gara ta cinye, muka kafa sabuwa. Wannan ado ne, amma ba ado kaɗai ba ne. Iskar hunturu daga gabas da arewa take bugowa, zana mai kauri a wannan gefe takan rage sanyi da ƙura a tsakar gida. Haka kuma sabon asabari a ƙofar ɗaki. Da dare muka ji bambanci a jikinmu.

Ranar da aka mayar da kaya, Inna ta yi jere. Ta wanke kwanonin da aka kawo ta da su gidan aure, ta goge su da toka, ta ɗora babba a ƙasa ƙarami a bisa har kusa da rufi. Ta rataye faya-fayai masu rini a bango, ta shimfiɗa sabuwar tabarmar kaba. A bisa ƙofa ta ciki ta ɗaure zangarniyar gero da ta dawa da ɗan damin shinkafa, waɗanda ta zaɓa daga mafi kyau na amfanin shekarar. Ba a cinsu, su ne iri. Tana rataye su inda hayaƙi zai riƙa taɓa su kada ƙwari su shiga, ga shi kuwa duk wanda ya ɗaga kai ya gan su sai ya tuna wanda ya ba da damina.

Sai muka kawo kwalinmu. Inna ta karɓa da hannu biyu, ta sa albarka, ta juya itacen robar gaba da baya, ta ce, "Wannan fa, me yake haifa?" Ƙwayayen lantarki kuwa ba inda za a soka su, gama wuta ba ta iso ƙauyen ba. Muka hura balan-balan muka ɗaure a jikin zana, kafin azahar tsinken ciyawa da zafin rana sun fasa fiye da rabi. Ƙaramin ɗanmu ya yi kuka.

Kashegari wani ɗan Baba ya ɗauke mu a babur zuwa Tsamiya, garin bakin iyaka, daga nan muka shiga ƙasar Benin wajen Segbana domin gaishe da dangi. Iyakar nan Turawan Ingila da na Faransa ne suka shata ta bayan yarjejeniyarsu ta 1898, suka raba tsohuwar ƙasar Bargu biyu, Nikki ta faɗa hannun Faransa, Busa da Illo suka faɗa hannun Ingila. An sha rufe ta, kamar a 1984 da kuma 2019, amma auratayya da zumunci ba su yanke ba. Harshen mutanen Segbana ɗan'uwan Busanci ne, Hausa kuma tana ci a kasuwa. Abin da ya sāke shi ne kuɗi, gama can sefa ake kashewa, da kuma harshen makaranta, watau Faransanci. (Mai niyyar bin hanyar nan ya fara tambayar mutanen wurin. 'Yan bindiga sun addabi yankunan iyaka a shekarun nan, ba a tafiyar dare.)

Arewacin Benin ƙasar auduga ce, muka tarar ana cira, an tara ta tuli-tuli a bakin hanya fari fat. A gidan da muka sauka, yara sun gina ɗan ɗaki na laka a gindin bango, tsayinsa bai wuce kamu biyu ba, da rufin ciyawa. A ciki ga komin dabbobi, ga jariri, ga Maryamu da Yusufu, duk na yumɓu. Tumakin an manna musu auduga da ƙaro. Shanun kuwa masu tozo ne da dogayen ƙahoni, sak na Fulani, masu hikima kuma an naɗa musu rawani da ƙyalle. Wannan al'ada ta fi ƙarfi wurin 'yan Katolika. Akan danganta farkonta ga Faransis na Asisi, wanda ya shirya irinta a Italiya a 1223, da sā da jaki masu rai. Itacen Kirsimati kuwa daga Jamus ya fito, bai bazu a Ingila ba sai wajen 1848, sa'ad da wata jarida ta buga hoton Sarauniya Biktoriya da iyalinta kewaye da shi. Mutanen can sun ɗauki itacen da ke ɗanye a dajinsu lokacin da sanyi ya kaɗe ganyen sauran. Abin da ke kusa da su suka ɗauka. A makarantarmu kuwa shekara da shekaru muna sa yara su manna auduga a reshe su ce ƙanƙara ce, alhali ba wanda ya taɓa ganin ƙanƙarar tana sauka, har da malaminsu. Yaran Segbana da suka mai da audugarsu gashin tumaki sun fi mu tunani.

Muka komo da auduga cike da aljihu, yaranmu kuwa ba su bari mun huta ba. Suka haɗu da 'yan gidan, suka samo karan dawa, suka fere bayansa siri-siri, suka yanka totuwar gunduwa-gunduwa, suka harhaɗa taurari manya da ƙanana, yadda yara suke ƙera motar kara. Muka ba su tsofaffin littattafan rubutu, suka yanka, suka tsoma wasu a ruwan zoɓo, wasu a ruwan gangamau, wasu a shuni, suka shanya. Aka dama garin rogo ya zama abin liƙi, aka yi sarƙa ta takarda mai launi uku daga rumfa zuwa bishiyar darbejiya. Launin zoɓo bai tsaya ja ba, da ya bushe ya koma wani irin shuɗi-shuɗi, amma ba wanda ya damu. Samari suka saro ganyen giginya, aka kafa biyu a ƙofar gida, saura aka kai ɗakin sujada.

A nan muka yi kuskuren da ya kusa jawo hasara. Muka koya wa yara su huda gwangwanin madara da ƙusa, su sa guntun kyandir a ciki, haske ya riƙa fita ta ramukan. Abin ya yi kyau, sai muka rataye su a jikin sabuwar zana. Baba yana fitowa ya gani, bai ce uffan ba, ya bi su ɗaya ɗaya ya sauke, ya jera su a ƙasa tsakiyar fili, ya zuba yashi a gindin kowanne. Sa'an nan ya ce, "Malam, da hunturu wuta ba ta sallama." Ciyawa busasshiya, iska tana kaɗawa, ga rumbuna cike a bayan danga. Muka ji kunya. Ku da za ku gwada wannan a gidajenku, ku nisanta shi da zana da bukka da labule, kada kuma a bar yara su kaɗai da shi. Inda akwai fitila mai cajin rana, ita ta fi. Haka nan kaskon wuta: Inna takan shigar da shi da magariba ya ɗumama ɗaki, ta barbaɗa turaren wuta, amma ba ta kwana da shi. Garwashin gawayi a rufaffen ɗaki yana fitar da wata iska marar wari wadda takan kashe mutane cikin barci.

Kirsimatin shekarar ran Lahadi ya faɗo. Bayan sujada aka shimfiɗa tabarmi, aka kai wa maƙwabta shinkafa da nama a kwanonin jere, kowane an rufe da faifai. Matan da suka yi daɓe suka zo barka. Kowace ta tuɓe takalmi, ta shiga, ta shafa ƙasan ɗakin da tafin ƙafa, ta ce, "Ya kamu." Igiyoyinmu masu walƙiya ma ba su yi hasara ba, 'yan mata suka yanyanka suka ɗaura a kitso. Itacen roba kuwa Inna ta ɗora shi can bisa jere, kusa da zangarniya, don kada mu ji ba daɗi.

Bashin kwali bai biyu a Janairu ba, sai Maris. Ɗakunanmu na Zuru siminti ne, ba wurin daɓe, amma akwai rumfa a tsakar gida inda muke cin abinci. Da bazara ta zo uwargida ta sayi ɓawon ɗorawa wurin masu daddawa, suna ta mamakin abin da za ta yi da shi. Daɓenmu na farko ya tsattsage, gama mu biyu ne da yara, kuma mun yi gaggawar taka shi. Da shekara ta kewayo sai ta yi magana a taron zumuntar mata, aka sami tsofaffi huɗu da suka iya. Ɗaya daga cikinsu ta koma gida ta tono madaɓin mahaifiyarta daga ƙarƙashin gado.