RANAR DA NAMA YA KUNYATA NI A GIDAN MIJI

Yau labarin wani abin kunya da ya taɓa samuna zan ba ku, don gani ga wane ya ishe wane tsoron Allah.

Watana biyu ke nan da tarewa, ko lallen hannuna bai gama fita ba. A gidanmu ni ce gwanar girki, in dai tuwon shinkafa ne da miyar taushe, ko funkaso, ko dambun nama, babu mai ja da ni, har Inna takan ce mijina ya huta. Wannan yabon ne ya fasa mini kai. Ran nan maigidan ya dawo daga ofis, bayan ya ci abinci sai ya ce ranar Asabar wasu abokansa biyu da suka yi karatu tare a Ingila za su zo ganin amarya, yana so in yi musu sitek da soyayyen dankali. Ya dube ni ya ce, "Kin dai iya ko?"

Wallahi 'yan uwa ko a mafarki ban taɓa ganin abin ba, amma girman kai ya hana ni faɗin gaskiya. Na yi fari da ido na ce, "Haba Yaya, nama ne fa." Da dabara na ji daga bakinsa cewa faffaɗan yankan naman sa ne da ake gasawa a kasko, a ci da wuƙa da cokali mai yatsu. Na ce a raina, ashe ma abin da sauƙi.

Ranar Asabar da sassafe na aiki yaro ya sayo mini tsokar cinya kilo ɗaya. Na yanyanka ta fale-fale, na wanke tas, na tafasa da albasa yadda muka saba, sannan na tsunduma ta cikin mai na soya har ta yi baƙi-baƙi. Ƙamshi kam ya cika gida. Na ci kwalliya na kai musu falo, na gaishe su, na koma bayan labule ina leƙe. Ke dai bari! Bawan Allah na farko ya sa wuƙa yana ta goga kamar mai yankan katako, can sai naman ya yi tsalle daga faranti ya faɗi kan kafet. Ɗayan ya samu ya yanki ɗan guntu, ya yi ta tauna har na ga jijiyar wuyansa ta tashi. Daga ƙarshe dankalin kawai suka ci, suka ce, "Amarya sannu da aiki, Allah ya yi albarka." Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Maigidan bai ce mini uffan ba, kuma shirun nan ya fi mini zagi ciwo. Kafin kwana biyu labari ya kai gidan surukaina, ƙanwarsa ta zo tana dariya wai ta ji Anti ta yi kilishin Turawa. Na shiga ɗaki na sha kukana.

Da na je gida na faɗa wa Inna, sai ta ce, "Ke da kike da Kawunki?" Ashe Kawu, yayan Inna, ya yi shekaru yana aikin kuku a gidan Turawan haƙar kuza a Jos tun yana saurayi. Washegari ya zo gidana da sandarsa, na kwashe labari na faɗa masa. Ya yi dariya har da hawaye, sannan ya ce, "'Yar nan, tun daga wurin mahauci kika ɓata girkinki. Matambayi ba ya ɓata, me ya hana ki tambaya?"

Ga abin da ya koya mini, ki buɗe kunne ki ji. Na farko, ba kowace tsoka ake yin sitek da ita ba. Duk inda sa ke aiki da shi wajen tafiya, kamar cinya da ƙafa da wuya, namansa tauri gare shi da jijiya, wannan na miya ne da farfesu, sai ya daɗe a wuta yake laushi. Wadda ake nema ita ce doguwar tsokar nan da ke kwance jikin ƙashin baya ta cikin ciki, wadda Turawa ke ce wa filet. Ba ta aikin komai, shi ya sa ta fi kowace laushi, kuma 'yar kaɗan ce a jikin sa, don haka sai kin sa an gaya wa mahauci tun jiya ya ajiye miki. In ba a samu ba, sai tsokar gadon baya ta saman haƙarƙari. Ki duba wadda take ja mai haske, ba ta yauƙi, ba ta wari, in kin danna da yatsa ta dawo, kuma in da ɗigo-ɗigon farin kitse a cikinta to kin dace, shi ne ke narkewa ya ba ta daɗi.

Kawu ya ce shanunmu irin su Bunaji da Rahaji da Bokolo sun sha tafiyar kiwo, ba su da kitse cikin tsoka kamar na Turai, saboda haka a nemi naman san turke wanda aka ɗaure aka ciyar. Kuma naman da aka yanka yau ba ya yin sitek mai kyau, domin bayan yanka da 'yan sa'o'i tsoka takan sandare, sai ta kwana biyu take saki. A Turai har sati biyu zuwa huɗu suke ajiye shi a ɗakin sanyi. Ke dai ki rufe shi ki sa a firji, ba wajen ƙanƙara ba, ya yi kwana 2 ko 3. In kin san wutarku ba ta zama, kada ki yi gangancin ajiyewa. Ki samu ganyen gwanda ki ɗan murje shi, ki naɗe naman a ciki na awa ɗaya ko biyu, akwai sinadari a cikinsa mai sa nama laushi. Kada ki bari ya wuce haka, sai ya dagargaje.

Na biyu, yanka. Kaurin yatsu biyu ake so, wato kamar santimita 2 da rabi zuwa 3, a cire farar jijiyar da ke samansa. In za ki wanke, ki wanke shi tun ranar da aka sayo. Ranar girki ki fito da shi, ki tsane shi da tsumma mai tsabta har ya bushe ƙayau, ki barbaɗa gishiri da masoro. Shi ke nan kayan haɗin, ba tafashe, ba tarin kayan ƙamshi.

Ku 'yan makaranta masu karatun kimiyya ga dalili. Ruwa yana tafasa a digiri 100, shi kuwa launin nan na gashi mai ƙamshi ba ya fitowa sosai sai zafi ya kai wajen digiri 140. Wani masanin Faransa mai suna Louis-Camille Maillard ne ya yi bayanin wannan a 1912. Ashe in nama na da jiƙa, dahuwa yake yi a cikin ruwansa maimakon gasuwa. Kawu bai san sunan Bature ba, amma ya san aikin.

Na uku, wuta. Ki samu kasko mai nauyi, ki ɗora a wuta mai ƙarfi, gas ko gawayi, har sai ya fara ɗan hayaƙi. Ki zuba man gyaɗa cokali ɗaya kacal, ki shimfiɗa naman, dole ki ji ya yi "caaa". Kada ki cika kaskon, yanka biyu sun isa. Daga nan ki riƙe hannunki, ba dannawa, ba tsokana da cokali. Bayan minti 3 zuwa 4 ki juya, ɗaya gefen ma haka. Saura minti ɗaya ki rage wuta, ki jefa man shanu da tafarnuwa da kika ɗan fasa, kina ɗibar man da cokali kina zuba masa a kai. Ki sauke ki bar shi ya huta minti 5 kafin a sa masa wuƙa, in kin yi gaggawa duk romon zai tsiyaye a faranti. In za ki yanka, ki dubi yadda zaren naman ya tafi ki gitta shi.

Da Kawu ya yanka na gwajin da muka yi, na ga ɗan jan ruwa, na ja da baya na ce, "Kawu, jini!" Ya ce jini ya tafi tun wurin yanka. Daga baya na karanta cewa ruwan tsoka ne da wani sinadari mai ba nama launin ja. Duk da haka ba na ba ki shawarar ki bar cikinsa ɗanye jawur yadda wasu Turawa ke so, domin naman sa da bai dahu ba yana iya sa tsutsar ciki. Masana lafiyar abinci sun ce zafin tsakiyarsa ya kai digiri 63, wato cikinsa ya yi zafi, da ɗan ja-ja kaɗan. Mai juna biyu da ƙananan yara kuwa a ƙara musu minti biyu ko uku ya dahu sarai.

Sau uku ina gwadawa ni kaɗai in maigidan ya fita. Na farko ya ƙone, na biyu gishiri ya yi yawa, na uku na ci na lashe yatsa. Ranar wata Juma'a na yi masa ba tare da na gaya masa ba. Ya sa wuƙa ta wuce sumul, ya kai baki, ya ɗago ya daɗe yana kallona, sannan ya ce, "Wa ya koya miki?" Na sunkuyar da kai na faɗa masa gaskiya, har da ƙaryar da na yi masa tun farko. Ya yi murmushi ya ce da ma ya sani, jira yake in faɗa da bakina.

Da kansa ya sake gayyato abokan nan, wannan karon ko guntu bai rage ba. Na kuma aika wa Hajiya da nata a kwano, ita da haƙori ya yi mata ƙaranci, sai ga saƙo ta ce a gaya wa 'yarta a ƙaro. Mai kiran kilishin Turawa kuwa, da aurenta ya matso ita ce ta zo da littafi da biro ta zauna a kicin ɗina.

To 'yar uwa, ranar da aka tambaye ki abin da ba ki sani ba, ki ce ba ki sani ba, ki nemi wanda ya sani. Ni da na faɗi haka tun daren farko, da ban yi asarar kilo guda na nama da hawayena ba. Allah ya ba mu zaman lafiya a gidajenmu, 'yan matanmu kuma ya ba su mazaje nagari, amin.