Ranar da na kamo kunnena

An haife ni a wani ƙauye kusa da Galmi, ƙasar albasa. Ba ni da takardar haihuwa. Ranar ɗaukar yara lakwal, mushe ya ce in ɗora hannun dama bisa kaina, in kamo kunnen hagu. Na karkata kai, na kamo. Ya ce : « Ka kai shekara bakwai. » Aka rubuta ni aji ɗaya.

Bayan wata guda, mushe ya raba mu. Masu amsawa da Faransanci suka zauna gaba. Ni kuwa aka kai ni baya, wurin waɗanda ake cewa ba su da kai. Na yi kuka a ɓoye. Alhali ranar kasuwa ni ke ƙidaya wa baba buhunan albasa.

Wata rana sabon malami ya yi mana lissafi da Hausa. Ni na fara ɗaga hannu. Ashe Faransanci ne ban ji ba.

A 1973, a Damagaram, aka buɗe makarantar gwaji ta farko, inda yaro ke fara karatu da Hausa. Ku ƴan irin wannan aji, in kun ga ɗan'uwanku shiru a baya, ku tambaye shi abin da ya sani.